Jan Fenti a Hanyar Ruga

Mutanen cikin garin Jos sun ɗauko wata ɗabi'a a 'yan shekarun nan. Ranar Asabar, mutum da ƙoshinsa da motarsa sai ya ajiye motar a gindin duwatsun Shere, ya goya jaka, ya kama hawa shi da matarsa da 'ya'yansa, ba itace suke nema ba, ba saniyarsu ce ta ɓata ba. In sun kai sama su leƙa tsofaffin ramukan kuzar da Turawa suka haƙa suka bari, su hango gari a shimfiɗe, su ɗauki hoto, su sauko suna haki suna murna. Maijidda takan hango su daga nesa in ta fita da ƙwaryar nono, ta yi dariya ta wuce. Ita da take hawan dutsen nan kullum ba ta taɓa gano daɗin da ke cikinsa ba.

Rugarsu tana bayan dutsen, inda masu tattakin ba su cika bi ba. Ɗakuna kaɗan ne, da shingen kerana, da wani ƙaton atili da maruƙa ke kwanciya a inuwarsa. Ita ce da mijinta Babayo da yaransu, sai ƙanen mijin, Ɗanbaba, wanda ba a sake ganin haƙoransa ba tun da suka baro tsohon mazauninsu. Abin da ya taso su daga can kowa a gidan ya sani, ba mai ɗauko zancen. An wayi gari ne aka ga jan fenti a dutsen da ke bayan ɗakunansu, aka ce ai masu awon fili ne, aka share zancen. Ba a jima ba wuta ta cinye rugar. Matar Ɗanbaba ba ta fito ba. Aisatu, 'yar Maijidda, ita ma ba ta fito ba. Da yake 'yar fari ce, kunya ba ta taɓa barin uwar ta kira sunanta ba tana da rai, kuma wannan na cin ta har yau.

Wata Juma'a a ƙarshen damina, da hantsi, Maijidda ta gangara rafi ɗiban ruwa. A kan dutsen da take ajiye takalmanta ta ga kibiya, ja wur, an zana ta da kyau. Ta sa yatsa, fentin bai bushe ba. Ta ɗaga kai ta hango wata a inda hanyar shanu ta karkata, da wata a gabanta, duk suna nuna wuri guda, kuma wurin nan gidanta ne. Ba ta tsaya tunani ba, kuma duk wanda ya taɓa tono ɗansa daga cikin toka ba zai ce don me ba. Ta yar da jarkar ta ratsa gonar acca a guje, tana kururuwa tun kafin ta kai shinge cewa sun dawo, sun sa alama, suna kan hanya.

Mutumin da ya zana kibiyoyin sunansa Oluwafemi, ko da yake Maijidda ba ta sani ba a lokacin. Bayarabe ne haifaffen Jos, yana da shagon gyaran waya a unguwar Congo-Russia, kuma shi ke shiga gaba in 'yan ƙungiyarsu za su fita da iyalai. Yadda yake aikinsa, ana gobe tafiya yakan bi hanyar shi kaɗai yana sa alama, don iyayen da ƙananan yara ke ja baya kada su ɓata. Ya je ya gaida mai unguwar da ke gindin dutse, an ce masa Allah ya taimaka. Bai kawo a ransa akwai masu gida a sama da su ma suke da hakkin a gaishe su ba. Farin fenti ya saba sawa, ran nan ya ƙare, sai ya ɗauki ragowar jan da ya shafa wa ƙofar gidansa.

Ɗanbaba ne ya fara fita, sanda a hannu ɗaya, adda a ɗayan. Babayo ya bi shi, da maƙwabcinsu Datti, Maijidda tana biye da su. Suka tarar da shi tsugune gaban wani dutse kusa da atilin, ya ba su baya, ya toshe kunnuwansa da abin jin waƙa, yana gyaɗa kai yana jan buroshi. Bai ji zuwansu ba. Sandar Ɗanbaba ta sauka a ƙeyarsa da ƙara irin ta fasa kabewa, ya kife a kan gwangwanin, fenti ya malale masa a ƙirji. Kafin ya juyo ta biyu ta same shi a haƙarƙari, ta Datti ta same shi a gwiwa.

"Oga, don Allah, abeg," yake cewa, yana kare kansa da hannu. "Na yara ne. Na yara ne."

Ɗanbaba yana tambayarsa su wa suka aiko shi, amma ba amsa yake jira ba. Wayar mutumin ta faɗo, ya sa dunduniya ya murƙushe ta. Maijidda ta tsinci kanta da dutse a hannu, ta jefa da duk ƙarfinta, ya same shi a baki. Ta ga haƙori ya fita, kuma a wannan lokacin daɗi ta ji, daɗin da ta daɗe tana jira. Mutumin ya yunƙura zai tashi, Ɗanbaba ya kawo adda. Sara na farko ya tsaya a damtsen da ya ɗaga. Na biyu ya shiga tsakanin wuya da kafaɗa. Daga nan ba ka iya rabe jini da fenti a jikinsa, sai dai ɗaya ya fi gudu.

Jakarsa tana gefe. Maijidda ta fizgo ta ta zazzage, tana neman fetur da ashana, ko bindiga, don kowa ya gani da idonsa. Alewa ce ta zubo, mai tsinke, kala-kala. Sai 'yan ƙananan huluna ruwan ɗorawa, da filasta, da usur-usur na roba kowanne da zarensa na ratayawa a wuya, zaren gajere, wanda ba zai shiga kan babba ba. Ta sake girgiza jakar, babu sauran komai. Ta tuna masu hawan Asabar da yaransu, ta tuna ta taɓa hango irin hulunan nan a jere a kan dutse. Sai ta gane.

Ɗanbaba ya sake ɗaga addar. Ta faɗa masa ta rungume hannun, tana cewa ya bari, ba shi ba ne, ba su ba ne. Ya wurgar da ita, ta tashi ta kwanta a kan mutumin, sandar Datti da ta riga ta taho ta sauka a kafaɗarta. Sai a nan Babayo ya daka tsawa, ya murɗe hannun ƙanensa har addar ta faɗi. Numfashin mutumin na fita da kumfa.

Ya yi magana, da Hausa tsaf kamar ta kowa. Ya ce gobe iyalai ne za su biyo, ya zaɓi hanyar nan ne don ba ta da tsayi, yaro ma zai iya. Ya ce 'yarsa ta dame shi tana son ganin maruƙa kusa da kusa. Ya nemi ruwa. Maijidda ta kawo a ƙwarya, ya kasa haɗiyewa.

Babayo ya kwance rawaninsa ya ɗaure saran, ya tayar da babur, Datti ya hau baya ya rungume mutumin a tsakiya, suka gangara. Maijidda ta tsaya tana kallonsu, ta san abin da ke kan babur ɗin. In ya rayu akwai magana, manya za su zauna, a ba da haƙuri, a yi magani. In ya mutu, bakinta ne ya kashe shi, kuma Jos ba za ta tsaya tambayar wa ya yi ihu ko me ya sa ba. A unguwannin gari irin su Anguwan Rukuba ma akwai iyayen da suka tono 'ya'yansu daga toka, su ma ba za su tsaya tunani ba.

Ta kwaso ƙasa ta rufe jinin, ya sake ɓullowa. Ta tsince alewar ta mayar cikin jaka, ba ta san don me ba. Ɗanbaba ya zauna a gindin atilin yana ta nanata cewa dabara ce, alewar ma dabara ce. Ta yi ta roƙon Allah ya bar mutumin nan da rai, roƙon da rabonta da irinsa tun ranar wutar.

An sauko daga Juma'a wayarta ta yi ƙara. Babayo ne, muryarsa a ƙasa. Ya ce mutumin ya cika a ƙirjin Datti tun kafin su shiga gari, yanzu suna hannun sojoji a shingen bincike, mutane sun fara taruwa suna leƙe. Ya ce ta kwashi yara, Ɗanbaba ya kora shanu, su nufi wajen Toro, kada su jira shi.

Ta ɗaure abin da ya ɗauru, ta sa yaran a gaba tare da shanun, ta ce za ta cim musu. Abu ɗaya ya tsaya mata: duk wanda zai hawo neman ramuwa ba ya bukatar tambayar hanya, an riga an zana masa har bakin shinge. Ta ɗauki kwalbar kananzir da tsumma ta gangara. Ta goga kibiya ta farko, ta goga har yatsunta suka sale. Fentin mai ne, bai fita ba, sai ma ya bazu ya zama jan tabo da ake hangowa daga nesa. Ta koma ta gaba, ita ma haka. Tana durƙushe a kan wadda ke bakin rafi ta ji muryar yarinya tana ihun murna cewa ga wata, ta gano wata.

Mace ce ke hawowa tana haki, da gwangwani a hannu, 'yar ƙaramar yarinya na tsalle a gabanta da hula ruwan ɗorawa. Temidayo ke nan, matar Oluwafemi. Ta tsaya ta ɗan rusuna.

"Sannu Mama. Don Allah kin ga wani mutum da jaka yana zana wannan abin? Maigidana ne. Wayansa ba ya shiga tun safe."

Matar ta dubi tsumman da kananzir ɗin, ta girgiza kai, ta ɗauka ta gane.

"Ya ba ku tsoro ko? Ki yi haƙuri Mama. Na ce masa, kai a Jos aka haife ka, ba a sa ja a hanyar mutane. Ya yi dariya ya ce ai na yara ne. Shi ya sa na rufe shago na sayo fari, mu bi mu rufe."

Yarinyar ba ta tsaya sauraro ba. Ta hango tabon gaba ta zura a guje, tana cewa babanta ya ce a ƙarshe akwai maruƙa. Maijidda ta tuna ƙasar da jini ke ɓullowa ta cikinta, da haƙorin da ba ta samu ta tsince ba. Ta yi wuf ta cafko yarinyar ta ƙanƙame ta, hannayenta suka bar ja a bayan rigar.

"Abike!" uwar ta kira, da ƙarfi, ba kunya ba komai. Sunan ya shiga Maijidda har cikin ƙashi.

"Kada ta ƙarasa," ta ce. "Maigidanki ba ya sama. An tafi da shi gari a babur, bai kai asibiti ba. Ni na ga alamar, ni na yi ihu."

Temidayo ta dube ta, ta dubi jan da ke rigar 'yarta. Ba ta yi kuka ba tukuna. Ta ja da baya a hankali ta zauna a kan dutsen, ta ɗora gwangwanin a cinya ta riƙe shi da hannu biyu. Can ƙasa, wajen titi, an fara jin ƙarar babura da yawa suna tsayawa.

Yarinyar ta gaji da riƙo, ta ɗago kai ta tambayi Maijidda ko maruƙan suna nan. Maijidda ta ce mata sun tafi.