Koren Kujerun Gwaggo

Duk ranar Asabar da safe, kafin shayinsa ya huce, Malam yakan tura saƙo a zauren dangi da ke waya. Malamin kimiyya ne a makarantar sakandare, koyarwa kuwa ta bi masa jiki har ranar hutu ba ta sakinsa. A saƙon yakan sa bidiyon da ya burge shi a makon, da wata lacca da ya saurara, da wata 'yar na'ura da ya gwada, sannan ya rufe da dabara guda ta ɗaukar hoto da waya. Na wannan Asabar ɗin akwai bidiyon wani ɗan tsuntsu da ke huda ganye da baki yana ɗinke su ya yi sheƙa, da laccar wata likita kan abin da ke sa hamma ta zaga ɗaki, da 'yar fitila da ake maƙalawa a bangon littafi. Dabarar hoton kuma ita ce: kada ka jawo abu da yatsa, taka da ƙafarka ka matsa kusa.

Dangi cike suke a zauren, amma amsa ɗaya yake samu. Gwaggo, ƙanwar mahaifinsu da ke zaune a wani gari mai nisa, takan aiko da hoton babban yatsa. Malam ya ɗauka kara kawai take yi masa.

Bai ajiye wayar ba sai ga kiran Auta, ƙanwarsa mai shagon ɗinki.

"Yaya, kai da ka iya hoto, zo ka cece ni. Gwaggo za ta cinye ni ɗanya."

Ya same ta tsaye a gaban teburin yanka, ta shimfiɗa wani koren yadi mai kauri, almakashi na gefe ba ta taɓa shi ba. Ta zayyana masa komai ba ta ko numfasa ba. Gwaggo ta sayi sababbin kujeru, tana son labulen falo da zai dace da su sak. Ta aiko da hoton kujerun, Auta ta je wurin mai yadi da wayarta a hannu ta zaɓi wanda ya yi kama. Da ta ɗauki hoton yadin ta tura, Gwaggo ta ce ba shi ba ne. Mai yadi ya yarda ya canza, muddin almakashi bai shiga ba, kuma a kawo kafin ya rufe da yamma, don gobe zai yi tafiya. Jibi ne direban da zai kai labulen zai wuce.

"Shekara da shekaru riga da zane kawai take ba ni," in ji Auta. "Yau ta ba ni babban aiki. In na yanka bai yi ba, yadin ya tafi, ni kuma na koma yarinyar da ba ta iya zura zare a allura ba. In na mayar alhali shi ne daidai, na yi wauta."

"Me ta ce ya yi?"

Auta ta kunna saƙon muryar. Gwaggo ta ce, a hankali kamar mai ta'aziyya, "Auta, wannan ai ganyen da ya kwana cikin ruwa ne. Kujeruna kore ne mai rai."

Malam ya dubi yadin, ya dubi hoton da Auta ta ɗauka. A ido yadin kore ne mai kyau. A hoton ya ɗan yi datti-datti. Ya ɗaga kai ya ga ƙwan lantarki mai jan haske a saman teburin, ya juya ya ga bangon shagon da aka yi wa fenti ruwan hoda.

"Bangonki yana zuba wa yadin launi," ya ce. "Ƙwan nan ma haka. Idonmu yakan gyara da kansa ba mu sani ba, ita kyamara ba ta da wannan wayon sosai. Kama can, mu fita."

Suka fito da gefen yadin bakin ƙofa. A cikin rana ya yi fari-fari, kamar an wanke shi ya koɗe. A ƙarƙashin rumfar mai gyaran takalma da ke maƙwabtaka ya yi shuɗi, saboda ledar rumfar shuɗiya ce. Malam ya jera hotunan yana wucewa da yatsa, yana murmushi. Yadi ɗaya ne, amma sai ka ce daga shaguna daban-daban aka sayo.

"Dubi wannan, Auta. Ba abin mamaki ba ne?"

"Yaya, ni ba aji na zo ba. Rana tana tafiya."

A inuwar bangon da ba shi da fenti suka sami hoton da ya yi daidai da abin da ido ke gani. Suka tura. Ba a jima ba amsa ta zo.

"Ya ɗan farfaɗo. Amma har yanzu kamar an tsoma shi a shayi."

Auta ta zauna a kan benci ta dafe kai. Malam kuwa ya tsaya yana kallon wayar. A fuskar tasu wayar babu alamar shayi ko kaɗan. To ina shayin yake shiga, a hanya? Ya zaro farar takarda daga cikin waɗanda Auta ke yanka samfurin hannun riga da su, ya ɗauke ta hoto a wannan inuwar, ya tura, sannan ya kira Gwaggo ya buɗe murya don Auta ta ji.

Bayan an gaisa, an tambayi gwiwa da yara, ya ce, "Gwaggo, takardar nan da na turo, wane launi ce?"

"Kai ɗan nan, jarrabawa za ka yi mini? Ruwan madara ce. Madarar ma ta gwangwani."

"Fara ce tas a nan, Gwaggo. Komai na wayarki haka yake fitowa, da ɗan rawaya?"

"To ai kai ka ce a yi haka. Abin nan na cikin waya mai rage haske ya hutar da ido, da ka koya mana kwanakin baya. Na kunna, idona kuwa ya huta, Allah ya yi maka albarka."

Auta ta ɗago kai a hankali ta zuba wa yayanta ido.

"Gwaggo, ai da dare na ce a kunna."

"Da rana ido ba ya gajiya ne?"

Dariya ta ƙwace wa Auta har ta riƙe ciki. "Ashe kai ne mai shayin, Yaya! Tun safe nake zargin ƙwan lantarkina."

Malam ya sosa ƙeya. Wani abu ne daban ya tsaya masa a rai. "Gwaggo, wai da ma kina buɗe saƙonnin nan?"

"Ji wata tambaya. Wa ya koya mini goge idon kyamara da gefen mayafi? Ƙaramar fankar nan da ka ce tana da kyau, na sa an sayo mini, ƙara gare ta kamar injin niƙa, wannan kam ka yi kuskure. Tsuntsunka na yau kuma na kalle shi har sau nawa. Auta, ki je ki gani, bakinsa kawai yake ɗinki da shi, ba ya kiran kowa ya cece shi."

"Na ji, Gwaggo," in ji Auta.

Malam ya bi da Gwaggo daki-daki, inda za ta ja da yatsa daga sama, da alamar da za ta taɓa. Ta kashe wayar gaba ɗaya bisa kuskure, aka sake kira. Daga baya ta ce, "Af! Takarda ta yi fari. Bari in ga yadin." Ta koma kan hoton yadin. "To, shayi ya fita. Amma ban sani ba. In na kai wayar kusa da kujera sai in ga kamar shi ne, in na matsa taga sai in ga kamar ba shi ba."

Murnar Auta ta koma ciki. Ta leƙa waje ta ga inuwar rumfa ta fara miƙewa kan titi.

Malam ya buɗe hoton kujerun da Gwaggo ta aiko tun farko, wanda da shi aka zaɓi yadin. Yanzu da ya san abin da yake nema, ya ga an ɗauke shi da fitilar falo a kunne. Bangon da ke bayan kujerun ya fito kamar ruwan ƙwai, kuma ya tuna bangon Gwaggo fari ne.

"Ke ma hoto ya ruɗe ki," ya ce wa Auta. "Tata wayar ta canza naki yadin, fitilarta ta canza nata kujerun. Babu wanda ya ga na wani da gaske."

"To yanzu yaya?"

"Launi ba ya tafiya ta waya lafiya lau. Amma bambanci yana tafiya. Da za mu sami abu ɗaya da ke can, yake kuma nan, sai ta ɗora nata a kan kujera, mu ɗora namu a kan yadi. Duk ƙaryar da haske zai yi, zai yi wa abu biyun tare. Mu sai mu duba wa ya fi wani duhu."

Aka shiga lissafin abin da gidajen biyu suka haɗa. Gwaggo ta ce sabulun wanki, amma nata ya sha ruwa ya koɗe. Malam ya ce murfin biro, Gwaggo ta ce jikokinta sun tauna duka. Ta ce lemun tsami, Malam ya ce kowane da nasa koren.

Auta ta durƙusa ta jawo wani buhu daga ƙarƙashin tebur, inda take tara ragowar ƙyalle, ta zazzage shi a ƙasa. Ta yi ta tonawa har ta fito da wani ɗan kore, bai kai tafin hannu ba.

"Gwaggo, doguwar rigar nan da na ɗinka miki bara, mai aljihu a gefe, tana nan? Ga ragowar ƙyallenta a hannuna."

"Wadda wuyanta ya matse ni?"

"Ita."

"Tana cikin akwati. Sau ɗaya na sa, ko wanki ba ta gani ba."

"Yau matsewar ta yi rana," in ji Malam. "Da kin yi ta wanke ta, da ta koɗe. Gwaggo, ki ɗauki matashin kujera ɗaya ki kai bakin ƙofa, inda akwai haske amma rana ba ta dukan sa. Ki kashe fitila. Ki ɗora hannun rigar a kai."

"In jawo da yatsa?"

"A'a."

"Na sani, gwada ka nake. Da ƙafa zan matsa."

Su ma suka ɗora ƙyallen a kan yadin a inuwar bangon nan, suka ɗauka. Da hoton Gwaggo ya iso, suka haɗa kai a kan wayoyin biyu. Ba a bukatar gardama. A hoton Gwaggo, matashin ya fi rigar duhu, kuma ya ɗan karkata wajen shuɗi. A nasu, yadin ya fi ƙyallen haske, ya karkata wajen rawaya.

Auta ta daɗe tana kallo. "Ba shi ba ne," ta ce.

"Me kuka ce?" in ji Gwaggo daga cikin waya.

"Kin yi gaskiya, Gwaggo. Yadin bai dace ba."

"Ai na faɗa muku tun safe."

Malam ya buɗe baki zai bayyana cewa dalilinta na safe daban ne da na yanzu, Auta ta taka masa ƙafa. Ya rufe bakinsa ya kama gefen yadin, suka ninke.

Sun sami mai yadi ya fara shigar da kayan da ya baje a waje. Ya warware yadin ya duba bakinsa, ya ga ba a taɓa ba, ya ce su zaɓa. Auta ta bi bandir-bandir tana ɗora ƙyallen a kan kowane kore, Malam na biye da ita riƙe da hoton matashin. Wani ya yi duhu da yawa, wani ya tafi shuɗi gaba ɗaya. Guda biyu suka rage, ta ce a fito mata da su bakin ƙofa.

"Hajiya, fitilar shagona ba ta isa ba ne?" in ji mai yadi.

"Fitilarka ce ta sayar mini da na farko."

Ya ɗauko su da kansa, ya tsaya yana leƙen yadda take ɗora ɗan ƙyallen tana ja da baya tana kanne ido ɗaya. A hasken waje ɗayan ya fita daga takara nan take. Ɗayan kuwa ya zauna da ƙyallen kamar yadda matashin ya zauna da rigar: ya fi shi duhu kaɗan, da ɗan sanyin shuɗi. Malam ya ɗauka ya tura, ya ce wa Gwaggo kada ta dubi koren, ta dubi tazarar da ke tsakanin biyun, ta gwada da nata hoton.

Suka jira a tsaye, mai yadi ma ya fasa rufe ƙofa. Sai ga saƙon murya.

"Wannan ɗan gidan su kujeruna ne. Auta, yanka."

Da suka koma shago, Auta ta kashe ƙwan lantarkin, ta buɗe ƙofa har ƙarshe. Ta shimfiɗa sabon yadin, ta auna tsawon tagar yadda Gwaggo ta aiko mata da awon, ta ƙara na lanƙwasa, ta ja layi da alli.

"Riƙe can da kyau, Yaya, kada ya zame. Kuma kada ka yi mini lacca."

Ya danne gefen da tafukansa biyu. Ta yi bisimilla, ta sa almakashi a kan layin, ya tafi sumul har ƙarshen tebur.