Tabon Yatsa a Kusurwar Gilashi

"Kai, kai, kada ka goge ta!"

Kafin Baba Tela ya rufe baki, Mai Walda ya riga ya goge. Ya ɗauki na'urar karatun daga kan bargo, ya ga fuskarta duk tabon yatsa, shi kuma, mutumin da rabon farcensa da fari tun yana saurayi, sai yau tsafta ta motsa masa. Ya ja hannun riga ya share gilashin tas. Rubutun ya yi ƙyaf-ƙyaf, shafuka suka yi ta tsere kamar an koro tumaki, sannan suka tsaya a inda Allah kaɗai ya sani.

"Ka gama da ni," in ji Baba Tela. Numfashinsa na fita da ƙara kamar keken ɗinkin da ya daɗe bai sha mai ba.

"Baba, gyara na yi."

"Wa ya aike ka?"

Gaskiya ba wanda ya aike shi. Inna, matar tsohon, ita ce ta leƙo ta taga ta ƙwala masa kira yana tsakiyar liƙa ƙafar gado a shagonsa. Ƙirjin Baba Tela ya riƙe tun safe, an kira tasi, ana neman wanda zai sauko da shi daga bene. A layin nan in ana neman ƙarfi Mai Walda ake kira. In ana neman shawara kuwa, cewa ake ya ɗan ba da wuri.

Sai ya tarar da tsohon ya kafe. Ba asibitin da zai je sai ya ƙarasa littafinsa. Labarin wani mutum ne da jirgin ruwansu ya nutse, ya tsira shi kaɗai, yake ta takowa a ƙafa zuwa gida. Watanni Baba Tela ya yi yana binsa gari-gari, yau ga shi mutumin ya hango rufin gidansu, saura ƙiris.

Na'urar 'yarsa ce ta aiko masa bayan allura ta cinye masa ido. Ba ta kai almakashinsa nauyi ba, amma littattafan cikinta sun isa cika shago, kuma ana iya buɗa haruffan har su kai maɓallin kwat. Ita ta dawo masa da karatu bayan ya haƙura. Aibinta ɗaya, ba ta da maɓalli ko guda, sai taɓi, kuma taɓin ma sai wanda ta ga dama. Ka taɓa ta da niyya ta yi kunnen uwar shegu, ka gifta ta bisa kuskure ta yi tsalle. Yatsan Baba Tela ya bushe, ba ta jinsa. Da al'adar takarda ya gano maganinta: ya lashi yatsa, ya dangwala a kusurwar ƙasa. Shi ne tabon da Mai Walda ya share.

A ƙasa direba ya danna hon.

"Malam, don girman Allah," in ji Inna, gyale a kafaɗa, ledar magunguna a hannu. "Mutumin nan na cikin gilashi ba zai gudu ba. Ka dawo ka same shi."

"Ke kika san zan dawo?"

Fanka ta ci gaba da kaɗa kai kamar ba ta yarda da kowa ba.

"Bari in nemo wurin," in ji Mai Walda. Ya dangwala yatsa. Shiru. Ya ƙara dannawa. Shiru. Shekarun da ya yi yana riƙe ƙarfe mai zafi sun mayar masa da yatsu kamar ƙasan takalmi, na'urar ba ta ma san mutum ne ba. Ya gwada duka goman ɗaya bayan ɗaya. Da ya ga ba sarki sai Allah, ya juya wa Inna baya, ya sunkuya ya taɓa da hanci.

Ta ji. Haruffan suka ƙanƙance kamar an zubar da garin barkono.

"Injiniya," in ji Baba Tela, yana jan kalmar da kyar, "ashe ilminka a hanci yake."

Ya so ya yi dariya, tari ya ƙwace. Ya yi ta yi har leɓensa ya canja launi. Inna ta saki leda ta tallabe shi. Mai Walda ya tsaya da na'ura a hannu. Da bai goge ba, da yanzu tsohon ya gama, da suna kan hanya. Duk mintin da ke wucewa a hannun rigarsa yake rubuce.

"Baba, in kai ka shafin ƙarshe kawai? Ka ga yadda ta kaya, mu tafi."

"Ka taɓa ganin an fara riga daga kalmasa?" Ya numfasa. "Da takarda ce... da ƙyallen da nake sa alama na nan a ciki."

Hon ya sake tashi, wannan karon bai tsaya da wuri ba.

Mai Walda bai san karatu sosai ba, amma ya san ƙarfen da ba ya lanƙwasuwa, zagaye shi ake yi. Ya durƙusa gaban gadon.

"To ga shawara, ko da yake ba a saba tambayata ba. Abar nan ba nauyi gare ta ba. Mu tafi da ita. A mota ni da kai mu nemo mutumin, ba zan ɗaga kai ba sai ya shiga gida. In na saɓa, ka ce ba ni ba ne."

Tsohon ya dube shi da jajayen idanu. "Ba da hanci ba."

"Ba da hanci ba."

Ya goya shi. Mutumin da ya ɗinka masa rigar aurensa, yana masa tsiyar cewa wuyansa ya ci yadi, yau bai kai buhun gawayi nauyi ba. Inna na biye da na'urar, ta riƙe ta gefe da gefe kamar kwanon da aka sauke daga wuta. A kowace matakala Mai Walda na jin numfashin a bayan kunnensa, yana jiran na gaba kafin ya ɗaga ƙafa.

"Alhaji, da na tafi fa," in ji direban.

"Ja mu je, ɗan'uwa," in ji Mai Walda. "Ka bi a hankali, amma ka yi sauri."

"Wanne zan yi a ciki?"

Ba su yi nisa ba suka faɗa cunkoso. Wata babbar mota ta mutu a mahaɗa, masu babur na kutsawa ta ko'ina. Direban ya fitar da kai yana rantse-rantse. Inna a gaba ta juyo, bakinta na motsi ba sauti.

A baya, Baba Tela ya jingina da kafaɗar Mai Walda. Ya kai yatsa baki, ya dangwala gilashin. Bai motsa ba. Ya sake. Bakin ya bushe, babu yawun da zai ba ta.

Mai Walda ya karɓi gorar ruwa a hannun Inna, ya tsiyaya a murfin. Ya kama yatsan tsohon, sanyi ƙalau, ya tsoma, ya girgije, ya ɗora.

"Sama... wancan... a'a, na kusa da shi."

Haruffan suka kumbura, suka dawo maɓallan kwat. Suka shiga juya shafi, tsoma, dangwala, tsoma, dangwala. Wani lokaci motar ta zabura yatsan ya zame, su koma baya. "Nan ya wuce... wannan kogin tun tuni ya haye..." Mai Walda bai ɗaga kai ba. Yana jin direba na cewa hanya ta buɗe, yana jin ta sake rufewa.

"Tsaya." Yatsan ya ƙanƙame nasa. "Ga rufin."

Daga nan tsohon bai ƙara magana ba. Idonsa na bin layi a hankali, in ya kai ƙasa sai ya ɗan matsa hannun Mai Walda, shi kuma ya tsoma ya dangwala. Hanya ta buɗe, iska ta shigo. Matsi, tsoma, dangwala. Mai Walda har ya fara jin kansa wani abu, yana tunanin yadda zai ba da labarin a shago, ban da wurin hanci.

Sai wani shafi ya daɗe. Ya ce a ransa shafin ne mai wuya. Ya jira. Ruwan yatsan ya bushe. Motar ta shiga ƙofar asibiti, ta tsaya, direban ya fito ya buɗe musu ƙofa, ya duba ciki, ya cire hularsa.

Mai Walda na nan riƙe da yatsan, yana jira a matsa.

Bayan masu ta'aziyya sun ɗauke ƙafa daga gidan, Inna ta sake kiransa ta taga, wannan karon a hankali. Ya wanke hannu ya hau. An naɗe katifar, keken ɗinkin na lulluɓe. Na'urar na kan tebur, rubutun na nan yadda aka bar shi.

"Ni na tsani abar nan," in ji ta. "Sai in yi ta magana, shi yana can bakin teku. Karanta min inda ya tsaya."

Ya sa hannuwansa a baya tukuna, sannan ya sunkuya. Ya haɗa haruffan ɗaya-ɗaya. Mutumin ya iso ƙofar gida, ya ajiye sandarsa, ya ƙwanƙwasa, ya ji takun wani daga ciki. A nan shafin ya ƙare.

"An buɗe masa?"

"Yana shafi na gaba, Inna. Ni kuma ba ta jin hannuna."

Ta jawo kujera ta zauna. Hasken taga ya faɗo kan gilashin, sai ga tabon a kusurwar ƙasa, ɗan zagaye, inda ruwan ya bushe. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta kai yatsa baki, ta ɗora shi daidai a kai.