Ƙarar da Malama Ta Kunna Mana

Wayyo daɗi, Yaya, yau dai an ce na zauna! Na zauna a ajin kimiyya! Da kina gida da na rungume ki har sai kin ce ke sakar ni, uwar rawar kai... tsaya, numfashi nake, jakata ma tana bayana.

Malama ce. Allah ya saka wa Malama. Ta shigo da 'yar lasifika, ta ce kowa ya rufe ido. Ni da rufewa da buɗewa kusan duk ɗaya, ko? Ga allo gaban hancina, sai hazo. Ran nan a asibiti likita yana juya fitilarsa a idona, Umma tana matse min hannu, wai a mayar da ni ajin da babu zane-zane, babu awo... me zan yi a can?

Ta kunna. Shuuu, shuuu, 'yan baya suna dariya wai lasifika ta mutu. Sai can ƙasa — wup! Kamar ɗigon ruwa a bokiti, amma yana hawa sama. Na ce Malama sake! Ta sake. Wup.

Malama ta ce wasu ramuka biyu baƙaƙe ne suka yi karo, Yaya, can nesa a sararin samaniya, tun tuni. Babu haske ko ƙyas. Sarari kansa ya girgiza, girgizar ta yi ta tafiya, ta yi ta tafiya, na'ura ta kama, aka mayar da ita sauti. Kuma wai farkon duniya, lokacin da haske bai samu hanyar wucewa ba, ita girgizar ta wuce abinta. Ba a kama waccan ba tukuna. Ana nan ana kasa kunne. Masu manyan madubai na hangen taurari ma — a nan lalube suke kamar ni!

Malama ta dafa kafaɗata. "'Yar gaba, kujerarki na nan. Na gama magana da shugaban makaranta."

Ina ta godiya, ina ta godiya, ban ma ga fuskarta ba. Murmushi take? Makon jiya ina ganin bakinta ai. Yau...

Ga motsin Umma a tsakar gida, tana wanke-wanke. In na faɗa mata na zauna, za ta ɗaga yatsu ta ce nawa ne nan. Kullum haka take in ta yi murna.

Yaya, don Allah, don girman Allah, kar ki faɗa wa kowa ban ga fuskar Malama ba. Bar ni da wup ɗina zuwa gobe tukuna.