Ramuka Takwas

"Malam, ka bar yarinyar nan ta huda kayanta da kanta," in ji matarsa daga bakin ƙofa. "Duk ranar da na ga ka goge tabarau sau biyu, sai an yi ɓarna."

Shekara ashirin da biyu yana gyaran rediyo, ba yau za a koya masa huda ƙarfe ba. Gobe 'yarsu Auta za ta kai amfilifaya, na'urar ƙara sauti da ta haɗa, gaban malamin kwalejin fasaha, kuma da makin wannan aikin za ta fita ko ta maimaita shekara. Saura kawai a ɗaura soket huɗu na makirufo a farantin gaba, wanda ta yi wa baƙin fenti ta rubuta lambobi da fari. Ta zana awon a takarda: kowane soket babban rami ɗaya, da ƙanana biyu na noti, ɗaya sama ta hagu, ɗaya ƙasa ta dama. Ta fita sayo notin. Shi kuwa tun jiya yake hango injin huji ya zame ya shige tafin hannunta.

Ya shimfiɗa tawul, ya kifa farantin a kai don kada fentin ya karce. Ya manna takardar a bayansa da salatif. Ya auna sau uku, ya ɗora ƙusa a kowane ɗigo ya buga da guduma, ya ɗiga mai, ya huda a hankali. Ramuka suka fito sumul, ko ƙaya babu.

Auta ta dawo, ta juyo farantin, ta zura soket. Ya shige babban ramin cif. Sai dai inda noti zai shiga, sama ta hagu, ƙarfe ne a rufe. Ramin yana can ta dama. Ta gwada sauran ukun, duk kanwar ja ce.

"Baba, ta baya ka huda?"

"Saboda fenti."

"Fentin kam lafiyarsa ƙalau."

"Awon dai daidai yake," ya ce a hankali.

"Daidai yake, Baba. A wajen wanda ke zaune cikin akwatin amfilifayar."

Ta miƙa hannu, ya ba ta injin. Ya riƙe mata farantin yana kallon bango, ta huda sababbi takwas ta gaba. Da ta ɗaure soket ɗin, leɓensu ya rufe tsofaffin ramukan. Ta gaba babu abin da ido zai kama. Ta ciki kuwa ga su nan takwas, a jere, babu mai shiga.

"Malamin naku yana buɗe ciki?"

"Bara ya buɗe na wasu, ya bar na wasu."

Washegari ta ɗauki akwatin ta hau bas. Ya zauna a shago da rediyon wani direba a cinya, har azahar bai kwance ko noti ɗaya ba. Bai san ko malamin ya shigo ajin da sukudireba a aljihu ba.