Sanƙarau a Rugar Hamma

A bazarar shekarar da naira ta shigo, sanƙarau ya sauka ƙasar Kazaure. Sai ma'aikatan asibiti da hakimai suka haɗa kai, aka sa mota tana bin ƙauyuka da rugage, ana tambayar wa ke kwance, me ke damun mutane, wace rijiya ake sha.

Ranar da motar ta iso rugar Hamma, a bayan Gwiwa, matarsa Saude na dakan gero, amma hankalinta na bukkar surukarta. Can Ma'u take kwance tun shekaranjiya, jiki kamar garwashi, wuya ya sanƙare. Ma'u 'yar farin Saude ce, kun kuwa san Fulani da kunyar ɗan fari. Tun yaye kakarta, Goggo Batulu, ta ɗauke ta, Saude ba ta da bakin magana a kanta. Amma wallahi duk nishin da ya fito daga bukkar nan, a cikin Saude yake sauka.

Malam Lauwali, malamin asibiti, ya tsaya gindin gawo tare da wakilin dagaci, tunda maigida ya tafi da shanu. Shatu ungozoma, wadda suka ɗauko daga Gwiwa don ta shiga wajen mata, ita ta yi sallama.

"Goggo, ina wuni? Akwai mai zazzaɓi ko ciwon kai a gidan nan?"

"Lafiyarmu ƙalau," in ji Goggo Batulu. Ba mugunta ba ce, tsoro ne. Ta ji labarin rumfar da aka kafa a bayan gari wajen Roni, inda ake killace masu ciwon. Wai wanda ya shiga, sai dai a aiko da rigarsa.

Shatu ta juya ga Saude. "Ke fa, yaranki?"

Saude ta nuna ƙananan biyu da haɓa.

"Ina babbar? Ai ni na yanke mata cibi."

"Ta bi 'yan maruƙa," Goggo ta cafe, idonta ƙyam a kan Saude.

Kai, jama'a! Magana ɗaya ce fa. Saude ta buɗe baki, amma ina! Ta ƙaryata uwar miji a gaban baƙuwa, kuma a kan 'yar fari? Sai ta sunkuyar da kai, ta ci gaba da daka, tana jin haushin kanta.

Shatu ta dubi Saude. "To, Allah ya tsare. Mu Roni muka nufa, wannan ciwon kuwa ba ya jira."

Motar ta tashi. Ƙararta na ɓacewa, sai Saude ta lura nishin ma ya ɗauke.

Ta yar da taɓarya, ta faɗa bukkar, ta sunkuci yarinyar ta goya, ƙafafun Ma'u na reto har gwiwar uwar. Goggo ta rafka salati. "Saude! Yau kunyar taki ta ƙare?"

Ko waiwaye ba ta yi ba. Ta bi sawun tayar motar da rana tsaka, tana sassarfa, rairayi na ƙona mata tafin ƙafa. Kan yarinyar ya lanƙwashe baya, fuska na kallon sama.

"Kwantar da kanki a bayana," in ji Saude. "Kin ji? Kwantar."

Kan bai kwanta ba. Akwai dai zafi a bayanta, amma ta kasa gane ko na yarinyar ne ko na rana, kuma ta ƙi tsayawa ta duba.