Salima da Yarinyar Cikin Tele

Shekara uku na yi ina koya wa ɗiyata Salima hanyar da ba ta kai tafiyar minti goma ba. Daga ƙofar gidanmu a unguwar Zariya, a bi jikin katangar lakwal, wato makarantar boko, a wuce dalbejiyar da 'yan kabu-kabu, masu haya da babur, ke fakewa da motocinsu, a karya kwana wajen mai injin niƙa, sai shagon ɗinkin Madam Na'omi. Hanyar ke nan duka. Kada ku yi dariya, wallahi na sha wuya a kanta.

Shekarar Salima sha tara. Ba ta kallon idon mutum, ba ta son a taɓa ta ba shiri, ƙara kuwa ji take kamar ana soka mata tsinke a kunne. Maganarta kalma biyu ce, in ta yi yawa uku. Likita ya ce sunan abin otism, ba iska ba ne, ba jifa ba ne, haka Allah Ya halicce ta. Mutanen unguwa dai ba su ji likita ba. Yara su bi ta suna "taɓaɓɓiya, taɓaɓɓiya", manya su ce in kai ta wajen masu girka, 'yan bori. Ni Zainabu ba a san ni da haƙuri ba, babu gidan da ban je faɗa ba a layinmu.

Madam Na'omi ce ta fara ganin abin da ni uwa ban gani ba. Kirista ce 'yar Tsibiri, kullum da safe kabu-kabu ke kawo ta shago. Wata rana na kai ɗinki da Salima, gwangwanin maɓallai ya kife, yarinyar ta durƙusa ta ware su launi-launi, babu wanda ya sa ta. Na'omi ta ce, “Maman Salima, ki bar mani ita. Duwatsun adon nan da ke kashe mani ido, ita za ta jera su.” Shekarar farko ina riƙe da bakin hijabinta har ƙofar shago. Ta biyu ina bin ta a baya. Ta uku ina tsayawa a dalbejiya. Ran nan muna fita ta tsaya, ba ta ko juyo ba, ta ce, “Inna, koma.” Na koma gida na yi kuka har na manta da tukunya a kan wuta.

Ana nan sai aka fara wani fim mai dogon zango a tele, na wata ƙasa mai nisa, an fassara shi da Hausa. Labarin wasu matasa ne masu baiwa, wani ya tashi sama, wani ya ɗaga mota da hannu guda, shirme dai iri-iri. Kullum bayan la'asar, in akwai kuran, wato wutar lantarki, matan layi su cika tsakar gidana, don ni ke da tele babba. A cikin fim ɗin akwai wata yarinya da ba ta kallon ido, tana kaɗa jiki gaba da baya, tana toshe kunnuwa. Ran da aka fara nuna ta, duk matan suka juya suka kalli Salima. Ni kaina na ƙura wa tele ido, don ban taɓa ganin mai kama da ɗiyata a ko'ina ba.

Baiwar yarinyar ita ce ji. Duk abin da ya ɓace a duniya, mutum ko kaya, tana jiyo inda yake. Amma abin ba ya motsawa sai ƙara ta yi mata yawa. Sai a ga jirage na ruri, gilasai na fashewa, ta durƙusa ta riƙe kai tana ihu, can sai idonta ya yi fari ta faɗi sunan wurin. Matan su ɗauki guɗa. Salima kuwa daga bakin ƙofar ɗaki take leƙe, yatsunta a kunne, duk lokacin da aka zo wurin sai ta ce, “Ta gaji.” Mu yi dariya, mu ce ji Salima da sharhi.

Gaskiya fim ɗin ya yi mana rana da farko, ba zan ɓoye ba. Yara suka daina tsokanarta. Suka koma kiranta Mai Kunne, sunan da mai fassara ya sa wa yarinyar. Matar da ta taɓa hana ɗiyanta shiga gidana ta aiko wa Salima da fura. Na ji daɗi ƙwarai.

To, Salima tana da wata ɗabi'a tun tana ƙarama. Duk moton unguwa, wato babur, ta san kukan injinsa. Tana zaune tana aiki, moto ya wuce, ko kai ba ta ɗaga ba za ta faɗi sunan mai shi, “Hamidu,” ko “Ya'u.” Ba ta kuskure. Ba wani abu ba ne, shekaru ta yi tana sauraren su don ta san wanda zai razana ta. Sai aka sace moton Ya'u, maƙwabcinmu, a ƙofar masallaci. Bayan sati biyu, Salima na jera duwatsu a shago, wani baƙo ya wuce a kan jan moto, alhali na Ya'u baƙi ne. Ta ce, “Ya'u.” Na'omi mace ce mai kai, nan take ta buga wa Ya'u waya. Aka bi mutumin, aka kankare fenti, moton Ya'u ne.

Kai jama'a! Kafin magariba labari ya kai kasuwa. Na'omi ta yi ta bayani, “Kukan injin ta gane, moton da kansa ya biyo ta gabanta,” amma wa zai saurari tela? Mutane suka fara sallama a gidana. Mai ɓatan akuya, mai ɓatan waya, har wata tsohuwa da ɗanta ya tafi Aljeriya shekara huɗu babu labari. Ana ce mani Hajiya, ni da ko filin jirgi ban taɓa zuwa ba. In sun ce, “Ashe baiwa ce da ita,” sai in sunkuyar da kai in ce, “Ikon Allah ne.” Ban ce i ba, ban ce a'a ba. Bayan shekara sha tara ana nuna ni da baki, girman ya yi mani zaƙi, kuma na sha.

Na'omi ta same ni har gida ta ce, “Maman Salima, ki kashe maganar nan tun da wuri.” Na ce, “Madam, ke dai ki yi ɗinkinki.” Haka na faɗa mata, matar da ta yi mani abin da dangina ba su yi ba. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Sai aka sace moton Tanimu. Tanimu mutumin kirki ne, ɗiya biyar gare shi, moton nan shi ne abincinsu. Ya zo ya durƙusa a tsakar gidana, hula a hannu. Ya yi wa Salima magana, ita kuwa tana can tana jera murafen kwalba, ko kallo bai ishe ta ba. Ya ce, “Hajiya, ki sa baki.” A nan ne ya kamata in gaya mashi gaskiya. Maimakon haka na ce, “Ka yi haƙuri Tanimu, abin sai ya motsa.”

Ashe na ba su dabara. Ai duk sun ga yadda abin yake motsawa a tele.

Washegari da safe Salima ta fita kamar kullum. Ina wanke-wanke na ji ruri daga wajen dalbejiya, kamar za a tsaga ƙasa. Na fita ko mayafi babu. Moto bakwai sun kewaye ɗiyata, kowa na murɗa wuta yana danna oda, hayaƙi ya turnuƙe. Tana durƙushe a tsakiya, ta danne kunnuwa, tana buga goshinta a ƙasa. Tanimu na tsugune gabanta da hawaye a fuska, yana cewa, “Ina yake, Salima? Don Allah ina yake?” Babu mai dariya a cikinsu. Da gaske suke jiran idonta ya yi fari.

Ban san abin da na yi ba. An ce na ture moto biyu, na ciji Hamidu a hannu. Na'omi ta rugo ta lulluɓe Salima da zanen da take ɗinkawa, muka kai ta gida goshi na jini.

Kwana goma sha ɗaya Salima ba ta taka ko zaure ba. Ta shige bayan gado, ta daina cewa komai, ko sunan moto. In na miƙa mata takalmi sai ta ture shi. Aikin shekara uku ya rushe a safiya guda, kuma na san wanda ya rushe shi. Na zagi 'yan kabu-kabu, na zagi mai fassara, na zagi tele na rufe ta da buhu, amma bakina ne ya ce abin sai ya motsa.

A rana ta goma sha ɗaya wata mata ta yi sallama da hantsi, ɗauke da ƙullin zogale da tattasai. Ta ce sunanta Saudatu, daga Jiratawa ta zo, lambu suke yi. Na ce, “Baiwar Allah, in ɓatan kaya ne, kin yi asarar kuɗin mota.” Ta ce, “A'a Inna, ba abin da ya ɓace mani. Tambaya na zo yi.” Ta gyara zama, ta rage murya. “Ina da ɗiya, Balkisu, shekararta shida. Irin taki ce sak. Da can babanta ko kallonta ba ya yi, amma tun da aka fara fim ɗin nan, muka kuma ji labarin taki, ya ce ashe arziki ne a gidanmu. Kullum da safe yana buga mata garwa a kunne. Wata guda ke nan, ba ta faɗi komai ba, sai fitsarin kwance da ta koma yi. Shi ne na ce bari in zo in ji. Ita taki tana shekara nawa abin ya buɗe?”

Daga bayan gado, Salima da ta yi kwana goma sha ɗaya shiru ta ce, “Ta gaji.”

Sai a lokacin na ji maganar. Wata uku tana faɗa mana ita a gaban tele muna dariya. Duk tsakar gidan nan cike da masu lafiya, ita kaɗai ta ga cewa azaba ake ba yarinyar cikin tele.

Na kama hannun Saudatu na ce, “Taso.” Na ja ta har dalbejiya, lokacin 'yan kabu-kabu sun cika, ga masu shayi, ga mata na dawowa daga niƙa. Na tsaya na ɗaga muryar nan tawa da kowa ya sani. Na ce, “Ku saurara! Ɗiyata ba ta da baiwar komai. Ba ta jin abin da ya ɓace, ba ta taɓa ji ba. Moton Ya'u gabanta ya biyo ta gane kukansa, shi ke nan. Na sani tun farko, na yi shiru don ina son ku riƙa ce mani Hajiya. Tanimu, ka yafe mani, ka je kwamsariya wajen 'yan sanda ka kai ƙara. Ke kuma Saudatu, ki koma ki karɓe garwar nan, ko da za ki kwana a waje. Ki kawo Balkisu in raka ki wajen likita.”

Tanimu ya sunkuyar da kai, ya ce, “Mu ma a yafe mana.” Wani daga baya ya ce, “Ashe dai taɓaɓɓiyar ce.” Na ji shi sarai. Da can ne da sai an raba mu, amma ran nan na haɗiye.

Daga ranar sallama ta ɗauke a gidana. Furar ma ta daina zuwa. Na koma Zainabu mai faɗa, uwar yarinyar nan. Na'omi ta riƙa aiko da duwatsu da riguna gida, ba ta taɓa ce mani ai na gaya maki ba. Ni kuma na koma farko. Yau mu tsaya a zaure, gobe mu leƙa waje, jibi mu kai katangar lakwal mu dawo, ina riƙe da bakin hijabi.

Sai da damina ta wuce. Wata safiya Salima ta sa takalminta da kanta. Muka bi katangar lakwal. Da muka doso dalbejiya, ina riƙe da bakin hijabinta, sai ta kai yatsunta kunne. Hamidu ya hango mu, ya miƙa hannu ya kashe motonsa. Ya'u ya kashe nasa. Ɗaya bayan ɗaya suka kashe, kowa ya kau da kai yana kallon wani wuri, babu wanda ya gaishe ta, babu wanda ya tambaye ta komai. Muka wuce ta gabansu a hankali.

Wajen mai injin niƙa ta tsaya. Ta sa yatsa biyu ta zare hijabinta daga hannuna, ba ta juyo ba.

“Inna, koma.”