Ƙanzon Ranar Asabar

Shekara huɗu ke nan Yaya tana dafa wa Baba abinci, tun rasuwar Mama, kuma duk wanda ya taɓa cin girkinta ya san ba ta wasa da tukunya. Tela ce, a falon gidan keken ɗinkinta yake, amma da ƙarfe sha ɗaya ta yi sai ta ture ɗinki ta shiga kicin. Shinkafa sau uku take wanke ta. Albasa kuwa yanka ɗaya ba ya fin ɗaya kauri, kai ka ce da tef ɗin awo ta gwada. Tukunyarta ba ta taɓa kamawa ba, kuma tana alfahari da hakan.

Baba sai ya yi cokali uku, ya ce alhamdu lillahi, ya ture faranti.

Ran Asabar kuma ƙanwarta Auta, ma'aikaciyar ofis, sai ta faɗo gidan da jaka a kafaɗa, waya maƙale a kunne. Minti talatin a kicin, ta watsa wannan ta zuba wancan, ta juye tukunya kacokan a faranti. Baba ya cinye tas, har ya suɗe yatsa.

"Allah ya yi miki albarka, Auta."

Ita ma Yaya yana sa mata albarka, ba za a yi masa ƙarya ba. Amma albarkar da aka sa da ƙoshi daban take da wadda aka sa don kara, kuma Yaya ba yarinya ba ce. Kishi take ji, kishi tsagwaronsa, na ƙanwar da ita ta goya ta a baya.

Abin haushin, Auta ba ta iya yin shiru da dabarunta.

"Yaya, ki riƙa niƙa tumatir da yawa ki dafa, ki zuba a robar ƙanƙara ki sa a firiji. Kullum sai ki ɓallo biyu ko uku. Albasa kuma ki sa ta a ruwan sanyi kafin ki yanka, ba hawaye. In gishiri ya zarce, ki jefa ɗanyen dankali ya tsotse."

"Ni gishirina ba ya zarcewa," in ji Yaya.

"To, na dai faɗa ne."

"Na ji. Tun ba ki san hanyar kicin ba nake girki."

Da an tsaya a nan, da sauƙi. Sai ga shi ranar da suka kai Baba asibiti, likita ya ɗora shi a ma'auni, ya duba takarda, ya girgiza kai. Kilo biyar ya zube cikin wata shida, kuma ba wata cuta aka gani ba, rashin ci ne kawai. A mota wajen dawowa Auta ta kawo maganar, ko a jikinta.

"Ni ina ganin Baba ya dawo wajena ƙarshen wata. Tunda abincina yana shiga, ai shi ke nan. Ke ma kin huta."

Hutu! Wa ya ce mata ta gaji? Yaya ta juya ta kalli Baba, tana jiran ya ce ina, ba inda za shi. Shi kuwa yana kallon titi ta taga, ya ce, "Mu gani dai."

Wannan "mu gani" ta tsaya wa Yaya a rai. Ɗakin Baba ta tuna, da tabarmar sallarsa, da rediyon da ke taya keken ɗinkinta surutu kowace safiya. In ya tafi, wa za ta dafa wa?

Sai ta haɗiye girman kai, amma a ɓoye. Asabar ta gaba ta tsaya bakin ƙofar kicin kamar mai neman almakashi, tana ƙirga komai da ido. Auta ta soya albasa da tafarnuwa, ta jefa ƙanƙarar tumatir uku, ta zuba shinkafa da ruwan zafi, ta fasa ƙwai biyu a kai, ta rufe. Ke nan fa. Yaya ta koma falo ta rubuta a bayan littafin awo, ƙarƙashin tsawon hannun rigar wata amarya.

Litinin ta yi, daidai wa daida. Ta ɗanɗana, ta san nata ya fi na Auta nesa ba kusa ba, ko ƙwaya ɗaya ba ta kama gindin tukunya ba. Baba ya yi cokali uku. Talata ta sake. Laraba har farantin da Auta ke zuba masa ta ɗauko. Cokali uku, alhamdu lillahi. Ran Alhamis ta kwashe abincin, ta tsaya gaban famfo ta yi kukanta, ruwa na zuba don kada ya ji.

Ashe dai ba abincin ba ne, ta ce a ranta, mai dafawar yake so.

Asabar ta ƙarshen wata Auta ta zo har da babbar jaka ta zuba kayan Baba. Ta ɗora tukunya, sai waya ta yi ƙara, ta fice tsakar gida tana shewa da ƙawarta. Yaya na kan keke ta jiyo ƙauri. Hannunta har ya saki ƙyalle, don hannun da ya saba ba ya jiran umarni. Ta shiga kicin, ta kai yatsa kan makunnin gas, sai ta tsaya.

Ba ta kashe ba. Ta ƙara wutar kaɗan ma, Allah ya yafe mata, ta harɗe hannu tana jin shinkafar na ƙara tas-tas. Sai da ƙaurin ya cika gidan ta sauke. Ta ɗauki cokali ta kankaro ƙanzon, ja har da baƙi-baƙi, ta jera shi a saman faranti inda ido zai fara sauka, ta kai wa Baba da kanta.

"Ga girkin Auta, Baba," ta ce, murya kamar zuma.

Auta ta shigo a guje. "Wayyo, na ƙona! Baba, kar ka ci, bari in sake."

Baba bai ko ɗago ba. Ya ajiye cokali, ya sa hannu ya ɓanɓaro ƙanzon, ya murza shi da ƙwan, ya kai baki. Ya lumshe ido yana taunawa a hankali da 'yan haƙoran da suka rage masa. Sai da ya ci rabi sannan ya yi magana.

"Yau kam ya yi sosai. Uwarku shekara arba'in ba ta taɓa sauke tukunya a kan lokaci ba. Tana ɗorawa sai ta tafi taga hira da maƙwabciya. Na yi faɗa har na gaji, ƙarshe bakina ya saba. Na Auta ma yakan ɗan kama, amma bai taɓa kai wannan ba."

Auta ta dubi kicin, ta dubi yayarta. Ta san a yadda ta bar wutar. Amma ba ta tona ba, cewa kawai ta yi, "Ai Yaya ce ta kula da wutar yau."

Kunya ta rufe Yaya, har ta rasa inda za ta sa idonta. Ta durƙusa gefen kujerarsa.

"Baba, shekara huɗu! Me ya hana ka faɗa mini?"

"Ina kallonki kina tsaye a kan tukunyar nan kamar mai jinya," ya ce. "Da wane bakin zan ce miki ki ƙona?"

Jakar da Auta ta zo da ita, haka ta koma da ita ba komai a ciki. Baba ya ce a ƙara masa wata ɗaya a ga abin da ma'auni zai ce.

Ran Litinin Yaya ta ɗora shinkafa, ruwa ya tsotse, ƙauri ya fara tashi. Hannunta ya je makunni sau biyu tana janye shi. Da ta ga ba za ta iya tsayawa tana kallo ba, sai ta fita daga kicin ta tafi tagar falo, wadda rabon da a buɗe ta tun Mama na da rai. Ta ture ta da ƙyar. Maƙwabciya, tsohuwa yanzu, tana shanya a igiya, ta ɗago kai da mamaki.

"Ina wuni, Inna," in ji Yaya. "Ki ɗan ja ni da hira, ina da tukunya a wuta."